Kwana Huɗu a Ofis, Kwana Nawa a Zauren Ɗinki?

Wata Juma'a da hantsi, a farkon shekarar 2022, wani mutum da ya daɗe yana kawo mini ɗinki ya yi sallama a zaure. Ma'aikacin gwamnatin jiha ne, a Kaduna yake aiki, iyalinsa kuma suna nan Zariya. A da ba na ganinsa sai Asabar. Ya tarar da mu a duƙe, kowa da riga a kan cinya, ya ce, "Malam, mu fa yanzu an ba mu Juma'a. Ku yaushe za ku huta?" Na ce masa, "Yallaɓai, ranar da ka daina tambayar ko rigarka ta fito." Muka yi dariya, ya zauna aka kawo masa ruwa. Amma bayan tafiyarsa tambayar ta zauna mini a rai.

A ranar 1 ga Disamba 2021 gwamnatin wancan lokaci ta Malam Nasiru El-Rufa'i ta mayar da ma'aikatan Jihar Kaduna zuwa ofis kwana huɗu a mako, Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma. Da Janairu ya kama, makarantun gwamnatin jiha ma suka bi sahu. An ce don mutane su sami lokacin iyali, su huta, mai gona ya leƙa gonarsa. Ni ban taɓa karɓar albashi ba a rayuwata. Allura ce ta ciyar da ni, ta yi mini aure, ta gina mini ɗakin da nake kwana. Duk da haka wannan magana ta kwana huɗu ta shigo har cikin zaurena, kuma na gwada ta da hannuna.

Sana'armu aikin hannu ne na manyan riguna, a nan cikin birni, ba nisa da Ƙofar Doka. Muna yin aska biyu, muna yin aska takwas, wato zanen ado masu tsini kamar aska da ake yi wa gaban riga, muna yin malum-malum, muna kuma yi wa kaftani wuya ga mai son abu mara nauyi. Wanda bai taɓa zama ya ga ana yi ba, yana ɗauka zare ne kawai ake bi da shi a kan zane. Kafin allura ta taɓa shadda, sai an yanka, an haɗa, an daidaita aljihu, sannan mai zane ya zauna ya fitar da askakin da tambarin da ke gefe da wanda ke baya. In zane ya karkace da faɗin ƙwayar gero, rigar za ta karkace a jikin mai ita har ranar da za ta tsufa. Daga nan sai cikon, wanda shi ne ainihin wahalar: ƙananan ƙulle-ƙulle dubbai, kowane da girmansa ɗaya da na ɗan'uwansa, kowane da ƙarfin jan zare ɗaya. Ka ja da ƙarfi, shadda ta tattare. Ka sassauta, aikin ya kwanta kamar an jiƙa shi. Aska takwas mai kyau takan ci makonni, wata ma watanni, in da zaren tsamiya ne kuma mai ita yana son aiki cike. Bayan an gama a yi shafi, a kai wa masu bugu su fito da ƙyallinta. Rigar da ta bi wannan hanya, ka juya bayanta ka duba, za ka ga cikinta da tsabta kamar wajenta. Da haka ake gane aikinmu ko a ina aka gan shi.

A wurin kawuna na koya, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Ina ɗan shekara tara aka kai ni zaurensa. Shekara guda cur ban yi komai ba sai saka zare a allura, da shara, da aike. Da ya fara ba ni ƙyalle in gwada, in na kawo masa sai ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa, ya yi shiru, sannan ya miƙo mini reza ya ce, "Warware, ɗana." Na warware aiki a zauren nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne dokarsa ta hutu. In rana ta yi sanyi bayan la'asar, yakan ce a naɗe, ko da saura layi ɗaya a gama. Ranar Alhamis da azahar ake rufe aiki, ba a sake taɓa allura sai safiyar Asabar. Yakan ce ai ko makarantar allo, da ake karatun Alƙur'ani, ana ba yara Alhamis da Juma'a, kuma malamai suna cewa tun zamanin Sayyidina Umar abin ya samo asali. In karatu ya yarda da hutu, wace ce allura? Wata maganarsa da ba na mantawa ita ce, zare in ya ƙare ana sayowa a kasuwa, amma ba a taɓa ganin rumfar masu sayar da ido ba.

Da na buɗe nawa wurin, na yar da wannan doka. Ba don raini ba. Zamani ne ya canja. Injunan aiki suka cika gari, daga baya kuma na kwamfuta suka zo, waɗanda ke buga wuyan riga cikin awa ɗaya ko biyu. Masu su suka riƙa ɗaukar hoton aikin hannu a waya, su kwafe zanen, su buga shi a kan yadi mai araha, su rataye a Sabon Gari da sunan aikin Zariya. Mai saye ya zo mini da farashinsu a baki. Sai na ga ba ni da mafita illa in yawaita aiki. Muka koma kwana bakwai, hutunmu ɗaya shi ne zuwa masallacin Juma'a, mu dawo mu ɗora. Da dare mu kunna fitila mai caji mu ci gaba.

Abin da ya dawo da ni hanya wata riga ce ta hawan Sallah. Wani bawan Allah da ke hawa a tawagar wani hakimi ya kawo shadda mai tsada, yana son ya fita da ita ranar Hawan Daushe. Na ba yaron da na fi yarda da hannunsa. Kwana goma sha ɗaya ya yi bai huta ba. Da ya kawo, na ɗaga ta wajen hasken ƙofa yadda kawu yake yi, sai na ga askar farko da ta biyu kamar ba hannu ɗaya ya yi su da ta bakwai da ta takwas ba. Na farkon a cike, a tsaye. Na ƙarshen ƙullin ya fara girma, layi ya fara rawa. Yaron bai yi ha'inci ba, idonsa ne ya gaji, wuyansa ya ƙage, shi kansa bai ga bambancin ba sai da na nuna masa. Muka warware kusan rabin aikin. Kwana huɗu muka ƙara a kai, aka kai wa mai ita ana gobe Sallah. Da na zauna na yi lissafi, ranakun da muka hana kanmu hutu don mu yi sauri, su ne dai muka biya wajen warwara.

Saboda haka bayan Babbar Sallar 2022, lokacin da aiki ke raguwa, na tara yarana na ce mu ma za mu gwada irin na gwamnati: Litinin zuwa Alhamis, sauran kwana uku kowa ya kama gabansa. Makonnin farko abin ya yi kyau ƙwarai. Warwara ta ragu sosai. Mai yawan ciwon kai a cikinmu ya daina aiken a sayo masa magani. Damina ce, masu gona a wajen gari suka sami zuwa noma. Ni kaina na je zumuncin da na daɗe ina ɗagawa, har Giwa da Soba.

Sai matsalar ta ɓullo ta inda ban zata ba. Ma'aikacin gwamnati ko kwana huɗu ya yi ko biyar, albashinsa ɗaya ne a ƙarshen wata. Na ji labarin gwajin da aka yi a Ingila a wannan shekarar ta 2022, inda kamfanoni 61 suka yi wata shida suna aikin kwana huɗu, kuma mafi yawansu suka ci gaba da hakan bayan an gama. To amma ginshiƙin gwajin shi ne ba a rage wa kowa ko sisi ba. Mu a nan ba a biyan rana, aiki ake biya. Ka gama wuya, a ba ka kuɗin wuya. Wanda ya zauna kwana uku bai riƙe allura ba, cefanen kwana uku ya rasa. Kafin wata biyu na gane biyu daga cikin yarana suna karɓar aiki a wani wuri suna yi da dare a gida, ɗaya kuma yana karɓar mashin yana yin acaɓa a hanyar Samaru. Su dawo mini ranar Litinin a gajiye fiye da da. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Baba, hutun muna so, amma uwargida ba ta dafa hutu." Gaskiyarsa ce.

Ba mu kaɗai ba ne. Mai sayar da abinci a bakin sakatariya ta rasa cinikin Juma'a. Mai Keke Napep da ke kwasar 'yan makaranta ya rasa safiya guda. A 2023 kuma, da aka cire tallafin man fetur, har jihohin Edo da Kwara suka rage wa ma'aikatansu zuwa ofis zuwa kwana uku don sauƙin kuɗin mota. Ga mai albashi wannan rangwame ne. Ga wanda ke ci daga zirga-zirgar mai albashin, raguwar kasuwa ce.

A nan ne na gane cewa hutun mai sana'a a cikin farashin kayansa yake. In an biya riga kuɗin da ya dace da ita, mai ɗinkin zai iya naɗe aiki da la'asar ya tafi gida. In an danne farashi, sai ya ƙara dare. Shi ya sa masu taya aikin hannu da kuɗin aikin inji suke ci mini rai. Mutum ya sayi shaddar Getzner bai nemi ragi ba, ya zo wurina ya ce, "Haba malam, ai a Sabon Gari rabin haka ake yi." In ce masa albarka, ya tafi. Bayan wata uku ya dawo da rigar da aka buga masa, zare ya fara tashi, launi ya zuba a kan farar shadda tun wankin farko, yana tambaya ko za a iya gyarawa. Araha ba ta ado. Kuma ba masu saye kaɗai ba. Akwai wani mai kawo mana zare da ya taɓa haɗa mana da jabu a cikin kwali ɗaya, launi iri ɗaya a ido, sai da aka kai wa masu bugu ya nuna halinsa. Aikin mako uku ya lalace. Tun daga ranar, duk zaren da ya shigo zauren nan sai na jiƙa shi na goga a farin ƙyalle kafin in raba wa yara. Wannan ma lokaci ne da mai taya riga ba ya gani.

Abin da muka tsaya a kai yanzu kusan dokar kawu ce. Muna aiki Asabar zuwa Laraba cikakke, Alhamis mu tashi da azahar, Juma'a ba a buɗewa don aikin kuɗi. Ba a aikin cikon da dare, komai matsin mai riga. Na ƙara wa yara kuɗin kowane aiki don kada rana da rabin nan ta zame musu asara, na kuma ɗora ƙarin a kan farashi, na faɗa wa masu kawo ɗinki dalili a fili. Wasu sun gudu. Waɗanda suka san aiki sun tsaya, har suna kawo 'yan'uwansu daga Kano da Abuja.

Akwai wani alheri da tsarin gwamnati ya kawo mini wanda ban nema ba. Da aka daina zuwa makaranta ranar Juma'a, iyaye da yawa suka damu da yara suna yawo a unguwa, kuma damuwarsu tana kan hanya, don ni ma ina ganin karatun boko ya yi rashin rana guda. Maƙwabta suka fara turo mini 'ya'yansu. To safiyar Juma'a, da yake ba aikin kowa a hannuna, ita na keɓe musu. Daga ƙarfe 8 zuwa 11 nakan zauna da su a kan tabarma, in ba kowa ƙyalle da allura, in nuna musu yadda ake riƙe zare. Sannan su tafi wanka da shirin masallaci. A cikinsu akwai wani ɗan shekara goma sha biyu da hannunsa ke ba ni mamaki. Makon jiya na ɗaga ƙyallensa wajen hasken ƙofa, na daɗe ina nema, ban sami inda zan ce ya warware ba.

Watan azumi kam ban sami dabararsa ba tukuna. Kowa yana son rigarsa kafin Sallah, kuma yawancin mutane ba sa tuna tela sai an ga wata. A lokacin Alhamis takan koma cikakkiyar rana, amma hutun Juma'a da dokar hana aikin dare ba na taɓa su. Shi ya sa nake roƙon masu son aska takwas ta Ƙaramar Sallah su kawo shaddarsu tun watan Rajab, da kafin alƙalami, a zauna a zaɓi zane da zare a natse. Mai son ta Babbar Sallah ya zo cikin Shawwal. Daga goma ga azumi ba na karɓar babban aiki, sai wuyan kaftani. Kuma wanda zai zo karɓar kaya ranar Alhamis, ya zo kafin kiran sallar azahar.