Kada Ka Sayi Fili Da Rani

Ɗan ƙanwata ya zo yana nuna mini hoton fili a waya. Can bayan gari ne, inda kwalta ta ƙare. "Kawu, araha ne, dillali ya ce nan da sati biyu an sayar." Na ce yaushe aka ɗauki hoton? Ya ce tsakiyar rani. Ka taka wurin da ƙafarka? Wai ai ya duba a taswirar waya.

Ni ma da rani na sayi nawa. Na ga ƙasar baƙa ce ta tsattsage, wani manomi ma ya ce mini nan ruwa ke kwana, na yi kunnen uwar shegu. To me zan yi? Mai gidan haya ya ƙara kuɗi, iyali na ƙaruwa, cikin gari kuwa ya fi ƙarfin irina. Har gobe ina cewa ko wa ke matsayina abin da zai yi ke nan. Sai in tuna daren da muka ɗora yara kan gado, ruwa na bulbulowa ta ƙarƙashin ƙofa, masai ya tumbatsa ya haɗe da rijiya, bakina ya mutu.

Shekarun farko lafiya lau, abin da ya ruɗe ni ke nan. Lokacin ruwa na da wurin zuwa, ga gonaki ga kududdufi. Da unguwa ta cika, kowa ya yi ciko, ya dabe tsakar gida da siminti, hanyar ruwa aka toshe ta da bulo da shara. Hukuma ba ta kawo magudana ba, don a takardarta har yanzu wurin gona ne. Shi kansa ruwan sama ya sake hali. Duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari, ga shi duniya ta riga ta haura digiri 1 a kan zafinta na kafin zamanin masana'antu. Shi ya sa yake sauka a lokaci guda, da ƙarfi. Wannan dai ba ni na jawo ba.

Na shirya muku dogon jawabi, amma na san ba za ku karanta ba. Je ka filin da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka dubi tabon ruwa a katangun maƙwabta. Tambayi tsofaffin wurin, ko da yake ruwan da suka sani ba shi ake yi yanzu ba, don haka kada ka dogara da su. In ya zama dole, ɗaga harsashi sosai, ka nesanta masai da rijiya. Sai dai ni da na ɗaga nawa daga baya, ruwan gidan maƙwabcina ya koma, yau ko sallama ba ma yi. Kada ka yi haka. Ko ka yi, amma ku fara haƙa lambatu tare.

Nan ne nake jin haushinku. Kun kalli bidiyon ambaliyar Pakistan ta 2022, wadda ta shafi mutum miliyan 33, kun rubuta "Allah ya kyauta" kun wuce, amma a kira gayyar yashe kwata, babu mai ɗaukar shebur. Kuma bishiyar da ka tarar a filin, bar ta. Na sare tawa don in ƙara ɗaki, yanzu da bazara ba a iya zama ƙarƙashin kwanon nan.