Shirya birkin Toyota 86 da Subaru BRZ don titi da filin tsere

Duk wanda ya taka birkin Toyota 86 ko Subaru BRZ da ƙarfi a busasshiyar kwalta ya san ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, na shiga nan take, fedar ta riƙa karkarwa a ƙarƙashin ƙafa. Wannan karkarwar tana nuna cewa birkin da kamfani ya sa ya riga ya fi ƙarfin tayar. Motar ta fito a 2012 da taya Michelin Primacy HP mai girman 215/45R17, wadda ba ta da riƙo sosai, kuma ko da ka sa kalifa (ƙarfen da ke matse faifan birki) mai fistin shida, nisan tsayawa a takawar farko ba zai ragu ba muddin tayar ita ce dai. Abin da ke kayar da birkin wannan mota a filin tsere zafi ne, don haka duk kuɗin da za a kashe ya kamata ya tafi wurin yaƙi da zafi.

Ga lissafin. Mota da direba sun kai kimanin kilo 1,350. Idan aka rage gudu daga kilomita 160 a awa zuwa 60 kafin kwana, makamashin da ya koma zafi ya haura megajul 1 a cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na faɗawa kan faifan birki na gaba guda biyu. Zafin yana ƙaruwa ne da ninkin gudu sau kansa: in gudu ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. A titi, bayan irin wannan takawa faifai na samun mintoci ya huce. A fili kuwa, wata kwanar na jiranka bayan daƙiƙa 15 ko 20, haka za a yi ta yi har tsawon minti 20. Faifan gaba na motar faɗinsa milimita 294 ne, kaurinsa 24, da kalifa mai fistin biyu mai zamewa a kan fil. A hannun direban da ya fara sabawa da fili, faifan na iya wuce digiri 500 a ma'aunin Salshiyas.

Birki na gajiya ta hanya biyu, kuma ya kamata direba ya iya bambance su da ƙafarsa, domin maganinsu daban ne. Idan fedar na nan da tauri amma motar ta ƙi rage gudu, ga warin ƙuna na shigowa, to fad, wato abin da kalifa ke matsawa a jikin faifai, shi ne ya wuce zafin da aka yi shi dominsa: ƙaron da ya haɗe sinadaransa ya fara ƙonewa, ya daina kama ƙarfe. Idan kuwa fedar ta yi laushi ta nutse ƙasa, man birki ne ya tafasa a cikin kalifa. Ruwa ba ya matsuwa, tururi yana matsuwa, sai ƙarfin ƙafarka ya ƙare a matse kumfa. Na biyun ya fi haɗari nesa ba kusa ba, don sau da yawa ba ya ba da gargaɗi mai tsawo.

Shi ya sa man birki ne farkon abin canzawa, kuma shi ne mafi arha. Ƙa'idar DOT 3, ɗaya daga cikin azuzuwan man birki, ta ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar ta sauko 140. DOT 4 kuwa 230 ne da 155. Man birki irin na gilaikol yana jan laima daga iska ta murfi da ta jikin tiyo, don haka wanda ya shekara biyu ko uku a mota ya fi kusa da lamba ta biyu. Motar da aka sayo ta hannu daga waje, ba wanda ya san yaushe rabon a canza mata, a ɗauka kawai tsoho ne. Motul RBF 600 na kaiwa 312 yana sabo, ya sauko wajen 205 in ya jiƙa. ATE Typ 200 na da 280 da 198, kuma ya wadatar ga mai shiga fili jefi-jefi. Castrol SRF ya fi tsada ƙwarai, amma ko ya sha ruwa yana riƙe 270, ga wanda ba ya son yawan canji. DOT 5 kaɗai za a guje wa: na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kuma bai dace da ABS ba. Kada a rikita shi da DOT 5.1, wanda gilaikol ne.

Lita ɗaya ta isa wanke layin gaba ɗaya, wato kwalba biyu in na rabin lita ne. A zuƙe tsohon daga tankin masta, inda ake zuba man birki, da sirinji, a cika da sabo, sannan a fitar ta kowace taya bisa jerin da littafin motar ya nuna har sai mai tsabta ya fito babu kumfa. Babban kuskure shi ne barin tankin ya ƙafe ana cikin aiki. Iska na iya shiga akwatin ABS, kuma fitar da ita sai da na'urar kwamfuta. In man ya ɗiga a fenti a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti. Ragowar kwalbar da aka buɗe ta yi watanni kuma ba ta fili ba ce.

Sai fad, kuma a nan ne ake yawan son abin da babu. Ba a yi fad ɗin da zai yi shiru da sanyin safiya, ya ƙi ƙura, kuma ya jure digiri 600 ba. Akwai dai na tsaka-tsaki: Ferodo DS2500, Project Mu HC+, Endless MX72, EBC Yellowstuff. Da tayar titi da injin da ba a taɓa ba mai ƙarfin doki 200, waɗannan sun isa, kuma za a iya zuwa kasuwa da su ba tare da damuwa ba sai ɗan ƙara da baƙar ƙura a wili. Ranar da aka sa taya mai danƙo irin ta rabin tsere, lissafi ya canza, domin tayar na ba ka damar taka birki a makare da ƙarfi, zafi ya ƙaru. Lokacin ne ake komawa fad na fili zalla kamar Hawk DTC-60, Carbotech XP10 ko Pagid RSL29. Waɗannan ba na yawo a gari ba ne. Suna ihu, kuma in suna da sanyi suna gurzar faifai kamar sanfefa. Mafita ita ce a sa su jajibirin shiga fili a cire bayan an dawo. Aikin ba wuya a wannan mota: a kwance bol na ƙasan kalifa, a ɗaga ta sama, a tura fistin baya, a musanya. Wannan bol ɗin ƙarfin ɗaurinsa bai kai Nm 30 ba (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), masu ɗaurewa da ƙarfin tuwo suna karya shi. Notin taya kuwa Nm 120 ne, a ɗaure da sifana mai awo.

Kada a manta da baya. In an sa fad mai kamu sosai a gaba aka bar na kamfani a baya, gaba zai ɗauki aikin da ya fi nasa, ya ƙara zafi, baya kuma ya zauna banza. A sa iri ɗaya, ko na baya ya zama mataki ɗaya ƙasa. Sannan na'urar hana zamewa tana taɓa birki da kanta duk lokacin da bayan motar ya motsa, don haka a fili fad ɗin baya na iya cinyewa fiye da yadda aka zata.

Sabon fad sai an zaunar da shi. Manufar ita ce ya shafa siririn fatarsa daidai a fuskar faifai, domin a kan wannan fatar yake kamawa da kyau. A nemi hanya doguwa marar mutane, a rage gudu da ƙarfi daga kilomita 100 zuwa wajen 15, ba tare da ABS ya shiga ba kuma ba tare da an tsaya cak ba, sau 8 zuwa 10 a jere. Wari zai tashi, kamu zai ɗan ragu wajen ƙarshe, wannan daidai ne. Daga nan a yi tafiyar minti 10 ba a taɓa birki ba. In aka tsaya da ƙafa a kan feda alhali faifai na da zafi, fad zai buga hatiminsa a wuri guda. Wannan tabon shi ne asalin mafi yawan girgizar sitiyari da ake cewa faifai ya lanƙwashe. Da wuya faifan ƙarfe mai kauri ya lanƙwashe. Kaurinsa ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Ɗaya sanadin shi ne tsatsa a fuskar hob, wurin da faifai ke zama a kai. A goge ta tas da burushin waya kafin a ɗora faifai, kuma in akwai agogon awo, karkacewar kada ta wuce kimanin milimita 0.05. Mai musanya fad iri biyu a faifai ɗaya ya goge tsohuwar fatar da sanfefa, ya sake zaunarwa.

Game da faifan kansa maganar gajera ce. Mai santsi na kamfani nagari ya isa, mai tsagi ma ba laifi. Mai huji-huji ado ne, kuma a fili tsagewa na farawa daga bakin hujin. An buga mafi ƙarancin kauri a jikin faifan, na gaban wannan mota milimita 22 ne. Ƙananan layukan zafi a tsakiyar fuska ba komai, amma tsagar da farce ke kamawa ko wadda ta kai gefe, faifan ya gama aiki.

Abin da aka fi rainawa, kuma a ganina ya fi kowane ƙarfe mai tsada amfani, shi ne iska. Tiyo mai faɗin inci 2.5 ko 3 mai jure zafi, daga bamba zuwa bayan faifai, yana sauke zafin sosai. Amma a auna bakinsa zuwa tsakiyar faifan, inda fukafukan ciki ke zuƙar iska su watso ta waje. In aka hura fuska ɗaya kawai, ɓangare ɗaya zai huce ɗayan na da zafi, tsagewa ta biyo baya. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar taya ba ta gogar tiyon. Masu wannan mota da yawa suna ɗaura 'yan fukafukan roba na Porsche GT3 a hannun ƙasa na gaba, masu karkato iska zuwa birki; ba su kai tiyo ba, amma suna da arha kuma ba sa hana komai a titi.

Tiyon birki mai saƙar ƙarfe yana ƙara wa feda ɗan tauri, ba ya rage zafi ko nisan tsayawa. In na roba sun tsufa a canza da shi, a tabbatar bai murɗe ba kuma ba ya gogar komai. Fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai kuwa a ciro shi a wanke a shafa giris na silikon. Giris ɗin da aka yi da man fetur yana kumbura roba, fil ya maƙale, fad ɗaya ya cinye ɗaya na nan.

Babban birki yana da ranarsa: in an yi duk waɗannan kuma fad na ƙarewa a yini ɗaya, robar fistin na narkewa, ko an sa wa injin turbo mai ƙara masa ƙarfi. Daga samfurin 2017 Subaru ta ba da zaɓin birkin Brembo mai faifan gaba na milimita 326 da fistin huɗu, na baya 316 da fistin biyu. Amfaninsa ƙarfe mai yawa da ke ɗaukar zafi, da fad mai kwance daidai. A zaɓi wanda aka lissafa girman fistinsa don wannan motar, in ba haka ba feda za ta yi tsawo kuma rabon aiki tsakanin gaba da baya ya lalace. A kuma gwada wili kafin a biya, don ba kowane mai inci 17 ke wuce kalifar ba.

Ranar fili, kada a shiga da fad da ya gaza rabin kaurinsa, domin siririn fad na kai zafi ga fistin da sauri kuma yana cinyewa da sauri. A duba na ciki, shi ya fi ci. Zagayen ƙarshe na kowane zango a yi shi a hankali ba birki. A wurin ajiyewa kada a ja birkin hannu, a bar ta a giya a sa wa taya waigi, bayan minti biyu a ɗan tura motar gaba don kada fad ya dafa wuri ɗaya. In feda ta yi laushi ko sau ɗaya, a fitar da ɗan mai daga kalifofin gaba kafin a sake fita, kuma in man ya wuce wata shida a mota a canza shi gaba ɗaya kafin zuwa na gaba.