Kai Uku Na Gina Kafin Na Gane Mutanen Nok

Shekara tara ina koyar da darasin zane-zane a wata makarantar sakandare, hannuna bai taɓa kama yumɓu da niyyar gina wani abu ba. Tarihin fasaha kuwa, yadda aka zuba mini haka nake juye wa yara. Mu fara da Masar da dalar Giza, mu gangaro Girka da Rum, mu yada zango a Italiya wajen su Leonardo da Michelangelo, mu ƙare da Picasso a Faris. Nok kuwa, tsohuwar al'ummar tsakiyar Najeriya mai surorin yumɓu, tana can a shafi ɗaya, da hoto ɗaya wanda ya dushe. Nakan rubuta a allo cewa idanun surorin Nok masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar ido, an huda hanci da baki da kunne. Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa, kowa ya kama gabansa.

Wata rana wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to me ya sa suka huda?" Na ce mata salonsu ne. Ta gyaɗa kai ta rubuta. Amma ni na san ban ba ta amsa ba, rufe mata baki kawai na yi. Abin ya tsaya mini a rai har aka yi hutu.

A hutun nan na hau mota na tafi Jos, gidan adana kayan tarihi da aka buɗe a 1952. Wani Baturen Ingila mai suna Bernard Fagg ne ya tsaya aka kafa shi, kuma shi ne ya raɗa wa wannan tsohuwar al'umma sunan Nok, saboda ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba a Jihar Kaduna ta yau, inda masu haƙar kuza suka fara tono irin waɗannan surori a 1928. Akwai wani kai da aka tono kusa da Jama'a a 1943, wanda wani ma'aikacin kuza ya kai gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumin korar ɓarna, kafin ya zo hannun Fagg. Duk wannan na san shi tun daga littafi. Abin da littafi bai nuna mini ba shi ne fatar abin. Da na matso da fuskata jikin gilashi, sai na ga jikin kan ba sumul yake ba, cike yake da 'yan tsakuwoyi kamar tsakin masara, wasu har suna ƙyalli. Na ga kitso an tufke shi curi-curi, na ga layin duwatsun wuya an jera su ɗaya bayan ɗaya. Ta ramin ido kuma duhu na hango, wato cikin kan fanko ne. Na fi rabin awa a tsaye gaban kai ɗaya.

Da na dawo gida na yanke shawarar sai na gina irinsa da hannuna. A unguwar magina ta garinmu akwai wata tsohuwa maginiyar tukwane da mahaifiyata ke sayen randa a wajenta tun muna yara. Na je na gaishe ta, na sayi yumɓu cikin bokiti, na roƙe ta in na gama ta sa mini a cikin gashinta. Ta ce babu komai.

Kai na farko cure shi na yi dunƙule guda, kamar ƙwallon fura amma girman kan jariri. Na fitar da hanci, na zana idanu da tsinke, na shanya shi a rana kwana huɗu. Ranar gashi aka jera tukwane, aka lulluɓe su da kirare da karan dawa da ciyawa, aka cinna wuta da la'asar. Ba a daɗe ba muka ji ƙara kamar an harba bindigar toka. Da safe aka buɗe, kaina ya yi raga-raga, ya kuma tafi da tukwanenta biyu da ke kusa da shi. Kunya ta kama ni ƙwarai, domin guminta ne na kwana da kwanaki. Na biya kuɗinsu, da ƙyar ta karɓa. Ta ɗauki wani gutsure ta juya shi, ta nuna mini tsakiyarsa baƙi ƙirin, bai ko gasu ba. Ta ce, "Malam, ai yumɓu numfashi yake yi. Ka toshe masa hanya, ruwan da ke cikinsa ta ina zai fita?"

Na biyu na gina shi fanko, ina murza yumɓu kamar igiya ina ɗora wani kan wani, yadda na ga tana ginin tulu. Sai dai na yi wata dabara da na ɗauka gyara ce. Na tace yumɓun da rariya sai da ya yi laushi kamar kullu, don ina son kan nawa ya fi na Jos santsi. Idanu kuma zana su na sake yi ban huda ba, har a lokacin ina ganin hujin ado ne kawai. Wannan bai yi bindiga ba, amma ya tsage tun daga ƙeya har goshi, haɓar ta ɓalle.

A nan ne na daina yin gaban kaina. Na ce, "Inna, koya mini daga farko." Ta sa jikarta ta kawo tsingaro, aka daka shi a turmi ya zama gari mai ɗan tsaki, ta ce in cuɗa shi da yumɓun. Nan take tsakuwoyin da na gani a Jos suka faɗo mini a rai. Ashe ba rashin iya tace ƙasa ba ne ya bar su a ciki, da gangan aka zuba su, su ne ƙashin bayan abin, su ke hana shi tsagewa in ya sha zafi. Daga baya na karanta cewa asali surorin Nok a shafe suke da ruwan yumɓu mai laushi an goge su sumul, ruwa da ƙasa ne suka cinye wannan fatar a tsawon zamani har tsakin ya bayyana. Ta koya mini in riƙa auna kaurin bango da yatsu biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, kada wani wuri ya fi wani. Ta hana ni shanya a rana, ta ce inuwa, mako biyu cur, kuma ranar gashi a fara ajiye shi gefen wuta ya ji ɗumi tukuna.

Wani abu kuma ni na gano shi da kaina. Yumɓu in yana da ruwa sosai ba ya karɓar layi mai kaifi, sai ya narke a hannu. In ya sha iska kwana biyu ya yi tauri kamar sabulu, to a nan wuƙa ke cinsa, ka yanke gira, ka fitar da leɓe, ka tsaga kitso. Aikin ya fi kama da sassaƙa. Masana da dama sun lura da haka a surorin Nok, har suna ganin masu yin su sun san sassaƙar itace.

Sai ranar hujin ido. Na ɗauki sillen kara na soka a tsakiyar idon dama, na murza, na zare. Na yi wa na hagu. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abin da tun safe yake curin ƙasa a kan cinyata, yanzu kallona yake yi. Duhun da ke cikin kan shi ne ya zama ƙwayar idon. Huji ɗaya, aiki biyu: hanyar da tururi da iska mai zafi za su fita a wuta, kuma shi ne ran fuskar. Ni a ganina babu mai iya raba waɗannan biyun ya ce wannan ne dalili wancan ba shi ba ne. Wanda ya fara yin haka ya san wuta, ya kuma san fuskar mutum.

Washegarin gashi tsohuwar ta zaro shi daga toka da sanda, ya yi ja kamar jangargari, gefe ɗaya da tabon hayaƙi. Ta ƙwanƙwasa shi da farce, ya yi ƙara siririya. Ta ce, "Ya gasu."

Kan da na gina bai wuce tafin hannu biyu ba, kuma wata biyu ya ci mini. Mutanen Nok kuwa sun gina surorin da wasunsu suka kusa kai girman mutum, a zaune ko a durƙushe, da hannuwa da ƙafafu da kayan ado, suka gasa su suka fito lafiya. Masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara tono a yankin a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya, sun nuna cewa al'ummar ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), surorin kuma wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. Wato ɗaruruwan shekaru kafin Girkawa su gina Parthenon, tsohon gidan bautarsu da nake cika wa yara kunne da shi. Gero da wake mutanen Nok suke nomawa, abincinmu na yau. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murhunansu na narka tama. Shi ya sa raina ke ɓaci in na tuna Bajamushen nan Leo Frobenius, da ya ga kawunan Ife a 1910 ya ce ba aikin mutanen wurin ba ne, wai ragowar wata ɓatacciyar daula ce ta Atlantis. Da ya zauna mako guda gaban maginiya irin tamu, da bai faɗi haka ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sata. An yi ta haƙe wuraren Nok ana fitar da surori ana sayarwa a Turai da Amurka, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Haka aka yi wa surorin yumɓu na ƙasar Katsina da Sakkwato da Kwatarkwashi, waɗanda yawancinmu ba mu ma san da su ba. Mai haƙar sata kai yake nema, sai ya watsar da gawayi da tsingaro da ƙwayar hatsin da ke kewaye da shi, alhali su ne ke faɗin shekarun abin da yadda masu shi suka rayu.

Da aka koma makaranta na sauya tsarin darasin. Ni Musulmi ne, na san nauyin maganar surar mai rai a wajenmu, kuma ban so in jefa 'ya'yan mutane cikin abin da iyayensu ba za su yarda da shi ba. Saboda haka ban sa su gina fuska ba. Kowa ya gina ƙwallo fanko girman lemo, rabin aji su huda nasu su cuɗa da tsingaro, rabi su bar shi dunƙule da tataccen yumɓu. Na ce kowa ya zaro naira ashirin ya dubi bayanta, ga Ladi Kwali nan zaune tana ginin tukunya da hannu, 'yar wannan yanki da aka tono Nok a cikinsa. Da yawansu ba su taɓa lura da ita ba.

Muka yi gashi a bayan aji ranar wata Alhamis, an ja layi kowa ya tsaya nesa. Da na dunƙulen suka fara fashewa ɗaya bayan ɗaya, yara suka ɗau ihu. Yarinyar nan da ta yi mini tambaya tana cikin masu huji. Da wuta ta mutu ta tono nata da kara, ta hure tokar, ta ɗaga shi saitin rana tana leƙa ramin, sannan ta ƙwanƙwasa shi kusa da kunnenta.