Suna ɗaya ya ci mini noman rani

Har yau in na tuna ranar da aka zo rubuta sunayenmu sai raina ya ɓaci, kuma ba da kowa nake fushi ba sai da kaina.

Ambaliyar 2022 ce. A watan Satumba kogin Haɗeja ya cika ya batse, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya fantsama cikin gonaki. Shinkafata da ke fadama, ta wajen Auyo, ta fara fitar da kai ke nan ruwa ya shanye ta. Da kwalekwale na je duba gonar, ban gane iyakata da ta maƙwabcina ba sai da wata giginya. A rediyo muka ji cewa waɗanda suka rasu a faɗin Najeriya sun haura 600, don haka mu da muka tsira da rai sai hamdala.

Da ruwa ya janye, jami'ai suka zo ƙofar gidan mai unguwa ɗaukar sunayen waɗanda za a ba tallafi. Yaron da ke rubutu ya ce, "Baba, sunanka?" Na faɗa masa sunana da na mahaifina, yadda kowa ya san ni. Na karanto masa lambar asusu daga wata 'yar takarda da ke aljihuna. Ko minti biyu ba mu yi ba.

Na sha'afa cewa a banki, tun da na yi BVN, sunan garinmu ne a bayan sunana, don haka aka rubuta mini tun firamare.

Mutane suka fara jin alat, ni shiru. Sati biyu ina duba waya kamar mai jiran haihuwa. Da na je ofishin masu ba da tallafin, ma'aikacin ya juyo mini da kwamfuta ya ce, "Malam, ai wannan mutum biyu ne." Na ce wallahi ni ɗaya ne tun da aka haife ni. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta gyara komai ba. Sai takardar rantsuwa a kotu, sai banki, sai a dawo gobe. Zuwa biyar na yi, kowanne da kuɗin mota.

Ardon rugar da ke bayanmu ma, wanda ruwa ya ci masa maruƙa, ya riga ni samu. Shi ya zo ne da ɗansa riƙe da katin NIN, aka kwafe harafi-harafi. Ni mai taƙamar boko na tsaya faɗa da baki.

Kuɗina ba su shigo ba sai a watan Fabrairun 2023, daidai lokacin wahalar canjin kuɗi. Ga su a asusu, babu tsaba. Mai POS ya yanki nasa mai tsoka kafin ya ba ni sauran. Lokacin kuwa sanyi ya kusa wucewa, masu alkama har tasu ta yi tsawo, ni ko mai ban zuba a injin ban-ruwa ba.

In masu ɗaukar suna sun zo garinku, kada ka faɗi sunanka da baki, miƙa kati, ka tsaya a kan mai rubutun har ya gama rubutawa. Nawa yanzu yana cikin leda, a aljihun gaba, ko gona zan je.