Yadda ake kimanta ma'aikaciyar jinya a Ingila

Tun kafin in sa ƙafa a Ingila aka fara auna ni. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasar, NMC, ba ta yi mini rajista ba sai da na ci jarrabawar Turanci da ta ilimin jinya da ake yi a kwamfuta tun ina gida, sannan da na iso na shiga gwajin aiki da hannu, OSCE, inda mai jarrabawa ke tsaye a kanki yana duba hatta yadda kike wanke hannu. Shekarun da na yi ina aiki a Kano ba su hana a ajiye ni a mataki na 5 na albashi ba, inda sabon shiga ke farawa. Wannan na haɗiye shi, don na san da shi kafin in taso.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne zaman shekara-shekara da shugabar sashenmu. Kalmar da suke faɗa ita ce "appraise", wato a kimanta darajar abu. Da ita ake cewa masani ya duba zinariya ko tsohon zane ya yanka masa farashi, da ita kuma ake cewa an zauna da ma'aikaci an duba aikinsa na shekara. Kafin zaman, ke da kanki za ki cike takarda: me kika yi da kyau, ina kika gaza, me kike son koya.

Wurin gazawa bai ba ni wahala ba. Wurin alherin ne hannuna ya tsaya. Mu an raine mu da cewa yabon kai jahilci ne, idan an yabe ki ki ce aikin Allah ne ki sunkuyar da kai. Har yau ina ganin tarbiyya ce mai kyau. Amma a nan idan kika bar wurin babu komai, ba za a ce kina da kunya ba, za a ɗauka babu abin rubutawa. Kuma ƙarin albashi da tura mutum kwas suna rataye da wannan zaman.

Wata babbar ma'aikaciya 'yar Jos, wadda ta daɗe a Manchesta, ita ta warware mini. Ta ce, "Ƙanwata, ba a ce ki yi wa kanki kirari ba. Shaida za ki bayar. Ki rubuta abin da ya faru, ranar da ya faru, da wanda ya amfana."

Na ce, "Anti, ai shi ma faɗar kai ne."

Ta ce, "Ɓoye gaskiya fa?"

Tun daga nan nake ajiye ɗan littafi a jakata. Daren da na lura numfashin wani dattijo ya canja na kira likita da wuri, na rubuta. Katin godiyar da iyalan marasa lafiya ke kawowa, ina adanawa. Suna da amfani ta wani wajen ma, domin tun 2016 NMC ke sabunta rajista duk shekara 3 bisa sharaɗi: awa 450 na aiki, awa 35 na ƙaro ilimi, ra'ayoyi 5 kan aikinki, da rubutu 5 na waiwaye kan abin da kika koya.

A zaman bana na nemi a tura ni kwas ɗin kula da masu ciwon sukari, na kuma kawo hujjata a rubuce. Shugabar ta karanta, ta sa hannu, an sa sunana cikin waɗanda za su fara a watan Satumba.