Inda na'ura ke tuntuɓe idan Turanci ya haɗu da Mandarin

Mutumin Singafo zai fara zance da Mandarin, wato babban harshen mutanen Sin, ya jefo kalmomin Turanci biyu, ya koma Mandarin, bai ma lura ya sauya harshe ba. Kamar dai yadda mu ke yin Ingausa a kasuwa da ofis. A daidai wannan gaɓar manhajar rubuta magana ke ruɗewa, kuma a nan na fi ƙaruwa a aikin da nake yi kan irin wannan manhajar.

Na farko, girman manhaja bai warware matsalar ba. Manhajar Whisper, wadda kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, an horar da ita da sauti na awa 680,000, amma tana sauraron daƙiƙa 30 ne ta zaɓi harshe guda. In ta zaɓi Mandarin, sai ta fassara kalmar Turancin, ko ta rubuta ta da haruffan Sin masu kama da sautinta. Jumlar ta fito sumul, alhali ba haka mai maganar ya faɗa ba. Irin wannan kuskuren ya fi ba ni tsoro, domin mai karatu ba zai gane shi ba.

Sai wajen auna kuskure. Ana ƙirga Mandarin harafi-harafi, Turanci kalma-kalma, a haɗa su a lissafi ɗaya. In Mandarin ya rinjayi hirar, adadin zai yi kyau ko da an zubar da Turancin, kuma sau da yawa Turancin nan ne ke ɗauke da sunan magani, sunan kamfani ko na unguwa. Shi ya sa nake ware kurakuran wurin sauyin harshe in duba su daban.

Sautin hira na gaske kuwa ƙalilan ne. SEAME, wato tarin sautin hira mai haɗa Mandarin da Turanci da Jami'ar Fasaha ta Nanyang da Jami'ar Sains Malaysia suka tattara, bai kai awa 200 ba. Wasu na yanka sautin harsunan biyu su manna don ƙara yawa. Yana ɗan taimakawa, sai dai ba ya kama yadda mai Mandarin ke ɗora karin sautinsa a kan kalmar Turanci. Gyaran rubutun da ke tare da sautin, a daidaita yadda ake rubuta lambobi da ƙananan kalmomi irin su lah da 'yan Singafo ke sawa a ƙarshen jumla, aiki ne mai gundura, amma ya rage mana kurakurai fiye da sauya manhaja.