Haɗin kayan zaƙin da nake rabawa da sallah

Tun da azumi ya shiga goman ƙarshe ƙanwata ta isheni a WhatsApp, wai Yaya bana ma za ki yi haɗin nan ko? Haɗin nan da take faɗa fa ba wani abu bane, cincin ne da gyaɗa mai suga da kwakumeti da kantun riɗi da ɗan gugguru, in juye su wuri ɗaya in zuzzuba a ƙananan robobi in rarraba da sallah. Asalinsa ma rashin kuɗi ne ya koya min wallahi, shekarar da fulawa ta yi tashin gwauron zabi na zauna na yi lissafi na ga in na ce kowane gida sai na kai bokitin cincin kaman yadda Hajiyarmu take yi toh ko gida biyar ba zan kai ba, ga dangin miji ga maƙwabta ga malamar islamiyyar yara. Da na gauraya sai ga shi ya ishi gida 15, abin dariya kuma mutane suka ɗauka gayu ne.

Fulawa da suga da bota Abban yara ne yake biyawa Singa ya siyo, gyaɗa da riɗi da kwakwa kuwa ni nake shiga kasuwar Rimi da kaina don ba na yarda a zaɓo min gyaɗa, ƙwaya ɗaya mai ɗaci sai ta sa mutum ya tofar da duk abin da ke bakinsa.

Cincin nake fara yi don ya fi jure ajiya. Fulawa gwangwani 8, bota rabin leda, ƙwai 3, madarar gari cokali 4, bekin foda ƙaramin cokali 1, gyaɗar ƙamshi da ɗan gishiri, suga kuma gwangwani 1 kacal. Na san wata za ta ce ya yi kaɗan, ai ki tuna duk sauran kayan suga ne zalla, in cincin ɗin ma ya sha suga ba mai iya cin loma uku bai nemi ruwa ba. Kwaɓin ya yi tauri, sannan yankan ƙanana sosai kaman girman gyaɗa, in kika yi manya duk sai su taru a sama gyaɗa da kwakumeti su gangara ƙasan roba, wanda ya fara buɗewa ya ci cincin zalla na ƙarshe ya kwashe daɗin.

Gyaɗa mai suga ita ce ta fi ba mutane wahala kuma ni ita na fi so. Ɗanyar gyaɗa mai jan ɓawo gwangwani 4, suga 2, ruwa 1, duk a tukunya ɗaya kina juyawa da muciya. Za ki ga ruwan ya ƙafe sugan ya koma fari fat kaman yashi, nan ne da yawa suke tsorata su ce ya lalace su ƙara ruwa, kar ki ƙara komai, rage wuta kawai ki ci gaba da juyawa, a hankali sugan zai sake narkewa ya kama jikin gyaɗar tana sheƙi, kuma a wannan juyin ne gyaɗar take soyuwa har ciki. Hannu zai gaji kam ga azumi ga zafin Kano, shi yasa bayan an sha ruwa nake yi. Sai ki juye a tire ki wawware tun da zafinta kafin su manne da juna.

Kwakumeti ba dogon labari, ki kankare baƙin bayan kwakwar ki goga a magogi ta ɓangaren manyan ƙofofi, ki sa suga da wuta kaɗan har ya yi ja ya bushe ƙarau. Kantu kuma a wanke riɗi a rege tsakuwa a shanya a soya, a zuba cikin narkakken suga a murza da kwalba a yanka ƙanana tun bai huce ba.

Inda na taɓa kwafsawa shi nake so ku ji. Bara waccan son burgewa ya sa na yanka tuwon madara da dabino na zuba ciki, kuma saboda sauri ranar jajibere ce ga kitso ga lalle ga tela bai kawo ɗinkin yara ba, na rufe robobin gyaɗar ba ta gama hucewa ba. Ranar sallah lafiya lau. Kashegari ranar hawan Daushe na buɗe wadda na ajiye mana, gugguru ya zama kaman auduga, cincin ya yi laushi, kwakumeti ya dunƙule, gumi duk a jikin murfi. Kuma fa an riga an kai wa uwar mijina! Ba ta ce komai ba baiwar Allah, sai da na je gaisuwa ta ce sannu da ƙoƙari 'yar nan, ni kuwa kaman ƙasa ta tsage in shige. Tun daga nan duk abu mai danshi ba ya shiga, tuwon madara da gullisuwa ledarsu daban, kowane abu sai ya kwana a buɗe an rufa masa rariya kafin ya haɗu da ɗan uwansa, gugguru kuma shi ne na ƙarshe, daren sallah nake fasa shi. Cakulet ma kar ki soma a wannan zafin.

Tsofaffi ba na kai musu shi kaɗai, haƙori ba ya ɗauka, nakan haɗa wa Goggo da alkaki da goronta. Yara masu yawon sallah kuma ƙulli nake yi musu a farar leda, in haɗa da sabuwar naira hamsin in an samu canji.

Bana roba 20 na siyo, cincin da kantu sun riga sun kammala suna can saman wadirob na ɓoye, don na lura wani bawan Allah in ya dawo daga tarawi sai ya biya ta kicin wai ruwa zai sha.